Layi Ɗaya, Yara Biyu

A duk faɗin ofishin nan ɗaki ɗaya ne tak mai sanyi, kuma ba don mutum aka sanyaya shi ba. Ɗakin kwamfuta ne. An sayo ta a shekarun da kuɗin mai suka yi ambaliya, lokacin da in aka ga abu a ƙasar waje sai a ce a kawo mana irinsa. Aka girke ta a Sakkwato, aka kafa mata na'urar sanyaya ɗaki har uku, sannan aka tuna ba wanda ya san yadda ake yi mata magana. Shi ne aka aika Indiya aka ɗauko Madhukar Deshpande.

Sunan bai yi mako a bakin mutane ba ya koma Madugu. Da farko yana gyara musu, daga baya ya gaji ya riƙa amsawa. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da shida, siriri mai tabarau, mai saurin tafiya kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Aikinsa rubuta wa kwamfuta umarni. Zai zauna ya cika takarda da layuka ya miƙa wa Rahila, ita kuma ta huda su a jikin katuna da wani inji mai kama da tafireta, sannan a jera katunan a ba kwamfuta ta haɗiye. In an yi sa'a ta amayo amsa. In kati ɗaya ya sha danshin damina ya kumbura, sai ta tofar da aikin gaba ɗaya, a koma sabon lale.

Wuta kuwa ba a magana. Sai aiki ya yi awa uku, ya rage ƙiris a gama, a ɗauke ta. Janareto na nan, amma wani ƙarfensa ya karye tun bara, sabon kuma yana cikin jirgin ruwa a bakin Legas yana jiran layi. Ga kuma baƙin ɗaki. Kowa a ofishin yana da tambayar da ba ta amsuwa sai a wuri mai sanyi, akawu zai shigo aron biro ya yi rabin awa yana zaɓe. Ran nan ma Madugu ya tarar da kwanon furar wani a bayan injin tef ɗin kwamfutar, an ajiye ta ta yi sanyi kafin azahar. Ya rubuta sanarwa da manyan baƙaƙe ya manna a ƙofa. Aka karanta, aka yaba kyan rubutunsa, aka ci gaba da shigowa.

In ya tashi aiki ya hau Basfarsa ya nufi Gidan Igwai inda yake haya, yara su bi shi da waƙoƙin silimar Indiya, su a dole suna yi masa yarensa, alhali shi a gidansu Marathi ake yi. Ba ya cin nama, a garin da ake auna girman baƙo da yawan tsoka. Mai tuwon unguwar, don ta kyauta masa, sai ta tsame naman daga miya a gabansa ta ce, "To ga shi, babu nama." Dole ya koma dafa shinkafa da wake a risho. Wasiƙar mahaifiyarsa kan yi mako shida a hanya, ta iso tana tambayar ko ya warke daga murar da shi ya manta ma ya yi ta. Duk wannan yana haƙuri da shi, don yana son aikin, kuma kwantiraginsa zai ƙare a Oktoba, yana fatan a sabunta.

Babban aikinsa na shekarar 1978 shi ne rabon ɗalibai. Dubban yaran da suka gama firamare sun zauna jarrabawa, ana so a tura waɗanda suka ci zuwa sakandare da kwalejojin horon malamai. Da da hannu ake yi, kuma kowace shekara sai an yi ta gunagunin cewa ɗan wane ya shiga ta taga. A bana shugaban ofishin, Alhaji Abdulwahabu, ya je har gidan gwamnati ya shaida wa sojoji cewa an gama da wannan. "Injin ga bai san ɗan kowa ba," in ji shi, "kuma ba shi kuskure." Ya yi ta maimaita maganar har ta zama kamar kirarinsa.

Akwai wani guntun umarni da Madugu yake ji da shi ƙwarai. Ya lura wasu hedimastoci kan aiko sunan yaro sau biyu, wani don mantuwa, wani don makarantarsa ta yi kauri a takarda. Sai ya rubuta cewa in kwamfuta ta ga katin rajista biyu masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, makaranta ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ta riƙe na farko ta yar da na biyu. Ta kuwa yar da ɗari biyu da goma sha biyu.

Rahila ta ja masa kunne tun ranar. 'Yar Zuru ce, mijinta malamin makaranta, ta girme wa Madugu da shekara goma, kuma ba ta da yawan magana.

"Malam Madugu, ka duba ranakun haihuwan nan kuwa? Tun safe nake huda ɗaya ga Janairu, yatsuna har sun haddace. Mutanen ƙauye ba sa rubuta rana, malami ne ke sa wa kowa."

"Abu huɗu ne, Misis Rahila," ya ce yana nuna mata yatsu. "Abu huɗu ba za su haɗu a kan mutum biyu ba."

Ta ce, "To." Wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san irin wannan "to" ɗin, amma shi shekararsa ɗaya da rabi.

Da aka haɗa maki da sunaye, kwamfuta ta fitar da dogon jeri, sannan ta ƙara da wata 'yar takarda: lambobin jarrabawa talatin da bakwai, kowace da makinta, amma ba suna. Madugu ya dube ta ya ce masu gyaran jarrabawa ne suka kwafi lamba ba daidai ba, abin da suka saba. Ya ninke ta ya jefa a aljihun tebur. Ran Asabar aka manna jerin wucin gadi a allon ƙofar ofis. Na ƙarshe kuwa, wanda za a kai gidan gwamnati a sa hannu, sai ran Alhamis, kuma in an sa hannu magana ta ƙare.

Ran Litinin da safe, yana jingine Basfa, ya ga wani dattijo zaune a gindin bishiyar dogon yaron da ke kallon allon. Riga shuɗiya ce a jikinsa wadda ta sha wanki, ƙafafunsa sun nuna manomi ne. Mutane sun yi cincirindo, wasu na murna wasu na tsaki, shi kuwa yana zaune kawai. Da azahar yana nan. Da aka tashi aiki yana nan. Ran Talata Madugu ya sake tarar da shi a wurin, sai Rahila ta ce, "Kai yake jira. An ce masa mai injin ne kaɗai ya san amsar. Jiya ya so yi maka magana, ka wuce kamar an biyo ka."

Suka fita tare, don Hausar Madugu ta cefane ce, in aka yi masa Sakkwatanci tsantsa sai ya riƙa kallon baki. Dattijon ya miƙe, aka gaisa har sai da aka tambayi ruwa da gona da mutanen gida. Sunansa Malam Siddiƙu, manomin shinkafa daga wani ƙauye a bakin fadama. Ya bar gona a tsakiyar damina ya zo, yana kwana wurin wani ɗan'uwansa a Hubbare.

"Injiniya, ni ba ƙara nika kawowa ba, tambaya ta," ya ce. "Ɗiyana biyu sunka zauna jarrabawag ga. Niz zo, anka gwada mani suna guda." Ya matsa jikin allon ya ɗora babban yatsa a kan wani layi da aka nuna masa tun ran Asabar. "Ban iya boko ba, amma na iya ƙidaya. Layi guda na."

"Baba, mene ne sunayen yaran?" in ji Madugu.

Malam Siddiƙu ya sunkuyar da kai. "Sunan mahaihiyarmu gare su, su duka biyun."

Ba zai faɗa da bakinsa ba, kuma Rahila ba ta nemi ya faɗa ba. Ta karanta abin da ke ƙarƙashin yatsansa ta raɗa wa Madugu: Dijatu Siddiƙu, kwalejin horon malamai ta mata.

"Guda tawa ta, Uwani muka ce mata," dattijon ya ci gaba. "Guda ɗiyar ƙanena ta, Allah shi jiƙan shi. Tani, ran Littinin anka haihe ta. Tun tana rarrahe take hannuna. Da anka zo rubuta yara makaranta, malam yac ce sunan uba, nic ce Siddiƙu. To wa za ni ce? In ce ba ni na ubanta ba, tana tsaye tana ji?"

Rahila tana juya wa Madugu maganar da Turanci.

"Abin da nika so in sani, wacce daga cikinsu injin ga shika nuhi, don kar in ci haƙƙin kowa. In kuwa ba a sani ba, ba komi. Na riga na yanke. Tani ka tahiya."

"Me ya sa ita?"

Dattijon ya dube shi da mamaki, irin na wanda aka tambaya me ya sa ake sallama kafin a shiga gida. "Marainiya ta. In nit tura tawa nib bar ta ƙanena, da wane ido za ni kallon jama'a? Ran Asabar na koma gida na hwaɗa ma Uwani. Ba ta ce komi ba, tat tattara littattahanta tab ba 'yar'uwatta. Sai dai tun rannan ba ta ɗaga ido ta dube ni ba."

Ya cire hula ya zaro takardun shiga jarrabawa guda biyu daga cikinta. Ɗaya an huda gefenta an ɗaura zare, don ya riƙa bambancewa. Mai zaren ta Uwani ce.

Madugu ya karɓa ya koma ɗakin sanyi. Lambar Tani ita ce a allo. Lambar Uwani kuwa bai wahala nemanta ba, hannunsa ne ya tafi aljihun tebur tun kafin ya gama tunani. Tana nan a 'yar takardar da ya ninke, ta goma sha tara daga sama, da maki saba'in da takwas. A makarantarsu ba wanda ya kai ta. Katin Tani ne ya riga nata shiga injin, shi ke nan laifinta.

Ya zauna yana kallon takardar. Talatin da bakwai. Lambar da ke da maki ai mutum ne ya zauna a benci ya rubuta ta, ba aljani ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Fasfo ɗinsa na cikin jakar da ke rataye a kujera, kuma a ciki an rubuta an haife shi ran ɗaya ga Yuni. Ba ran nan aka haife shi ba. Malamin ƙauyensu ne ya sa wa rabin ajinsu wannan ranar don ta dace da buɗe makaranta. Mahaifiyarsa kuma shekara talatin tana aure ba ta taɓa kiran sunan babansa ba, "shi" take cewa. Ya tuna ranar da baban nasa, ƙaramin akawun gidan waya, ya bi jerin sunaye da yatsa a bangon kwaleji a garin Pune. Duk ya san wannan, amma da ya zauna gaban kwamfuta sai ya ajiye shi a waje tare da takalmansa. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda bai taɓa ji ba tun zuwansa ƙasar nan.

Rahila ta shigo ta ga takardar a hannunsa. Ba ta ce na faɗa maka ba, ta dai ja kujerarta ta zauna, wanda hakan ya fi zafi.

Alhaji Abdulwahabu ya saurare shi har ƙarshe ba tare da ya katse shi ba. Mutum ne mai jiki da fara'a, wanda ya fara aiki tun zamanin En'e, kuma ya ga yadda aka kori abokansa ta rediyo shekara uku da suka wuce, mutum yana shan koko a gida ya ji an karanta sunansa. Ba mugu ba ne, tsoro gare shi, kuma tsoron na da dalili. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Wa yas san maganag ga?"

"Ni da Misis Rahila, ranka ya daɗe."

"To madalla. Abu mai sauƙi na. Ka ƙara sunan yarinyar ga cikin na ƙarshe, layi guda ba wanda ka lura. Dattijo shi tahi gida da murna, mu ma mu huta."

Gaskiya Madugu ya ji daɗin maganar. Yarinya ta samu, uba ya samu, Oktoba ma ta samu. Har ya buɗe baki zai ce to. Sai idonsa ya faɗa kan takardar da ke hannunsa.

"Sauran talatin da shida fa?"

"Sun zo?"

"Ba su zo ba."

"To ka gani."

"Ranka ya daɗe, ba su zo ba don an gaya musu inji ba ya kuskure. Suna can sun ɗauka 'ya'yansu sun faɗi."

Alhaji ya sauke numfashi ya koma kujerarsa. "Madugu, kai yaro na. Ni nit tahi gaban sojoji nic ce injin ga ba shi kuskure. Yanzu in koma in ce a ba ni gurabu talatin, inji ya haɗiye yara? Ka san abin da ka biyo baya?"

"Injin bai yi kuskure ba. Abin da na ce ya yi shi ya yi."

"Wannan ka hwaɗa ma wanda ya san inji."

Madugu bai taɓa ja da babba ba, a gidansu ma ba a yi masa wannan tarbiyyar ba. Amma ya ce, da Turancinsa mai sauri wanda yau ya yi sanyi, shi ba zai iya buga jerin ƙarshe ba sai da yaran nan a ciki. Kuma su biyun sun san ba wani a garin da zai iya bugawa.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Can ya jawo farar takarda ya tura masa. "To rubuta. Ka ce kai kar rubuta umurnin, kai kag ga takardag ga kab ɓoye ta cikin tebur. Ka sa hannu. Da ita za ni shiga, in ba haka ba ban iya shiga." Ya ɗan sassauta murya. "Kuma ka san hwayil ɗin kwantiraginka can za shi."

"Na sani."

Ya rubuta. Layi shida ne, kuma bai sa wuta ko danshi ko hedimasta a ciki ba, ko da yake duk sun zo masa a bakin alƙalami.

Da ya fito ya tarar da Malam Siddiƙu a gindin bishiyarsa. Ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Baba, laifi nawa ne. Ka je gona. Ka dawo Litinin. Kar ka yanke komai."

"Na riga na yanke, Injiniya."

"To kar ka ƙara."

Dattijon ya yi ɗan murmushi, ya mayar da takardunsa cikin hula ya tafi.

Wannan ranar da washegari suka yi su a kan katuna. Rahila ta zazzage kwalin waɗanda aka yar, ɗari biyu da goma sha biyu, suna bi ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa da lambobin. Mafi yawansu maimaici ne na gaske, a nan dai Madugu bai yi ƙarya ba. Amma ga wasu Muhammadu biyu 'yan gida ɗaya, ga wasu Abubakar uku da aka rubuta da sunan mai unguwarsu, ga wasu A'ishatu da Rahila ta ce ta rantse ɗaya Indo ce ɗaya Shatu. A cikin talatin da bakwai ɗin, ashirin da tara sun ci. Ran Laraba da hantsi aka ɗora katunan, aiki ya yi nisa, aka ɗauke wuta. Madugu ya cire tabarau ya faɗi wata kalma da yarensu wadda Rahila ba ta nemi fassararta ba. Wutar ta dawo bayan azahar, aka sake daga farko, sai dab da la'asar injin buga takarda ya fara tatata. Masu zuwa shan sanyi sun leƙo sau biyu, suka ga fuskarsa, suka tuna suna da biro.

Ran Alhamis Alhaji Abdulwahabu ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya ɗauki jerin da takarda mai layi shida ya tafi. Ya yi awa huɗu. Da ya dawo bai kira kowa ba, sai da aka kusa tashi ya leƙo ɗakin kwamfuta, abin da bai saba ba.

"An sa hannu. An ce makarantu su matsa su ƙara benci." Ya share gumi duk da sanyin ɗakin. "Naka kuwa, an ce in Oktoba ta yi a nemo wani."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Na yi magana, Allah na gani. Ba ta ɗauku ba." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa. "Wanda za a kawo, ka bar mai takarda ka hwaɗa mai batun ɗaya ga Janairu."

Madugu ya ji zafin abin, ba ƙarya. Ya yi kwana biyu yana tsara yadda zai rubuta wa mahaifiyarsa, yana yaga takarda. Ya so ɗakin nan da duk fitinarsa, har furar bayan injin tef yanzu ya ga ba ta yi masa komai ba. Ran Lahadi ya hau Basfa ya zaga gari ba inda za shi, ta Ƙofar Rini ya ɓulla bakin gulbi, ya tsaya yana kallon fadamar shinkafa ta yi shar.

Ran Litinin tun kafin a buɗe ofis Malam Siddiƙu yana gindin dogon yaro, da ɗan ƙunshi a gefensa. An cire tsohon jeri an manna sabo. Bai matsa kusa ba, yana jira a zo a nuna masa, don layukan sun sauya wuri. Madugu ya jingine Basfa, wannan karon bai yi sauri ba. Aka gaisa, aka tambayi ruwa da gona. Rahila ta fito ta tsaya a bayansu.

Madugu ya nemo wurin, ya kama hannun dattijon ya ɗora yatsansa a kai.

Malam Siddiƙu ya dubi layin da ke ƙarƙashin yatsansa. Ya dubi na ƙasansa. Baƙaƙen iri ɗaya ne sak, ko wanda bai iya boko ba zai ga haka. Ya sauke yatsan a hankali daga na sama zuwa na ƙasa, ya mayar, ya sake saukewa.

"Guda," ya ce. "Biyu."

"Kwaleji ɗaya, Baba," in ji Rahila. "Tare za su tafi."

Dattijon ya tsaya yatsansa na kan allo, gemunsa na motsi, yana karanta abin da yake karantawa a zuci. Can ya sunkuya ya ɗauko ƙunshin ya miƙa wa Madugu. Shinkafar gida ce, 'yar kwano biyu, ragowar ta bara. An ce masa Injiniya ba ya cin nama, in ji shi, da zakara zai kawo.

Madugu ya so ya ce bai cancanta ba, shi ya ɓata shi ya gyara, amma Hausar ba ta kai nan ba, kuma Rahila ta yi masa ido. Ya karɓa da hannu biyu.

"Alhwarma guda, Injiniya," in ji dattijon. "Akwai wata takarda irin wagga? In tahi da ita."

Akwai kwafi a ɗaki. Madugu ya shiga ya ɗauko almakashi ya yanko layukan biyu, 'yar siririyar takarda da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba, ya kawo masa. Ya ce ai wasiƙar kwaleji za ta iso ƙauye cikin mako biyu, da hatimi da komai.

Malam Siddiƙu ya ninke 'yar takardar sau ɗaya, ya sa a hula tare da sauran, ya danna hular a kai.

"Mako biyu ya yi nisa," ya ce. "In nic ce mata da baki, za ta ce lallashi na. Gara ta karanta da kanta, ko ta ɗago ta dube ni."

Ya yi musu sallama ya nufi tasha da sauri, hannunsa ɗaya dafe da hular.